Masu shirin Ingila daga Katsina: ga abin da za ku tarar a Nuwamba

Ƙannena da kuka samu gurbin karatu a Ingila, yawancinku a watan Satumba za ku tashi, kuma kafin ku gama sabawa da sanyi Nuwamba ya shigo. Za ku ga mutane da ɗan jan fure na takarda maƙale a ƙirji, daga mai karanta labarai har direban bas. Na tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi ne, kuɗinsa kuma na taimakon tsofaffin sojoji. Ba dole ba ne ku saka.

Ranar 11 ga wata, da ƙarfe 11 na safe, ake yin shiru na minti biyu, domin a wannan sa'a aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Ko a kanti ya same ku, ku tsaya cak, ku kashe ƙarar waya. Ba wanda zai ce ku yi addu'a irin tasu.

Waɗanda za su garin Kobantiri (Coventry), don Allah ku leƙa tsohuwar majami'ar tsakiyar gari. A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen Jamus suka kwana suna yi wa garin ruwan bama-bamai, mutum fiye da 500 suka halaka. Majami'ar ta ƙone, sai bango da hasumiya. Da gangan aka bar kangon babu rufi, aka gina sabuwa a gefensa, aka buɗe ta a 1962. Za ku ga tagogi wayam, sama na leƙowa ta cikinsu. Ku sassauta murya, hoton dariya kuma a bari sai an fito. Mu da muke da dangi a Batsari da Jibiya, ba sai an gaya mana abin da hari ke bar wa gari ba.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu su ɗauka tarihin Turawa ne kaɗai. A Yaƙin Duniya na Biyu, kakanninmu sun je ƙasar Bama (Myanmar a yau) a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausa ma ake magana a cikin sojan. In kun shiga Landan, akwai ginshiƙan tunawa da sojojin Afirka da Indiya da Karibiyan kusa da Fadar Bakingam, tun 2002. Kafin ku bar Katsina, ku tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wanda ya je yaƙin, ku rubuta sunansa ku tafi da shi.