Yadda Ake Ɗora Na'urar Gano Kifi a Kan Kayak da Yadda Ake Gyara Matsalolinta

Yawancin mutanen da na ga sun ɗora na'urar gano kifi a kan kayak, wato ƙaramin kwale-kwalen roba mai ɗaukar mutum ɗaya, sukan ɓata rabin yininsu wajen neman inda allon zai zauna ya yi kyau, sannan su manna transdusa cikin gaggawa a minti biyar na ƙarshe. Idan suka shiga ruwa allon ya ƙi nuna ƙasa, sai su ce an sayar musu da jabu. A mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau, iska ce kawai ta shiga tsakanin transdusa da ruwa.

Transdusa ita ce 'yar curin nan da ke ƙarshen doguwar waya. Aikinta shi ne ta aika sauti zuwa ƙasan ruwa ta kuma saurari amsa-kuwwarsa, sai na'urar ta lissafa zurfi daga lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo, domin a cikin ruwa sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya. Wannan sauti yana ratsa ruwa, yana ratsa roba mai falle ɗaya, amma da zarar ya ci karo da iska sai ya dawo baya tun bai kai ko'ina ba, ko ƙananan kumfa ma suna raunana shi. Saboda haka ne ma wanda ke da kwale-kwalen katako, irin waɗanda masunta ke tuƙawa a tafkin Kainji da madatsar Tiga, ba zai iya ɗora transdusa daga cikin jirginsa ba. Katako cike yake da ƙananan ramukan iska, dole transdusar ta kasance a waje, tsamo-tsamo cikin ruwa.

Matakin farko shi ne gwaji, kuma ba na yarda kowa ya buɗe kwalbar gam kafin ya yi shi. Ka haɗa na'urar da batir a sake, ka shiga da kayak ɗin inda zurfin ruwa ya kai mita 2 ko 3, ka riƙe transdusa a cikin ruwa ta gefen jirgin, fuskarta na kallon ƙasa daidai. Ka lura da lambar zurfin da allon ya nuna da kuma kaurin layin da ke nuna ƙasa. Daga nan sai ka saka ta a cikin farar leda mai cike da ruwa, ka jiƙa cikin jirgin, ka danna ledar a wurin da kake son mannawa. Idan lambar ba ta canza ba kuma layin bai dusashe sosai ba, wurin ya yi. Idan ya dusashe, ka matsa gaba ko baya kaɗan, ka nisanci ramukan fitar da ruwa da doron da ke bin tsakiyar jirgin da duk inda robar ta yi kauri ko ta ninku. Ka sa wa wurin alama da biro mai kauri tun kana kan ruwa, domin idan ka koma gida ba za ka tuna shi daidai ba.

Mannawar ce ta kayar da ni a karon farko. Na matsa gam ɗin silikon a kan robar kamar mai shafa wa burodi bota, na danna transdusa, na bar jirgin a rana domin ya bushe da wuri. Saman gam ɗin ya bushe, cikinsa kuwa ya riƙe kumfa, kuma sai da na yi mako biyu ina zargin batir kafin na ɓamɓare ta na ga ramukan da idona. Tun daga ranar ban ƙara amfani da silikon a wannan aiki ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi.

Ga yadda ya kamata a yi. Ka goge wurin da sandfefa mai laushi har ƙyallin robar ya mutu, ka share da sifirit, ka bari ya bushe. Robar da ake ƙera yawancin kayak da ita, wadda ake kira foliyetilin, ba ta karɓar gam da sauƙi, don haka wannan gugar ba ta tsallakuwa. Ka yanko soso mai tauri, irin na tabarmar motsa jiki, mai kaurin yatsa biyu, ka huda tsakiyarsa daidai siffar transdusa, ka manna shi a wurin ya zama kamar ɗan kududdufi. Bayan ya kama, sai ka ɗumama bututun gam ɗin jirgin ruwa, irin su Marine Goop, a cikin ruwan ɗumi domin ya tsinke kaɗan. Ka nutsa bakin bututun a ƙasan kududdufin, ka riƙa matsawa sannu a hankali ba tare da ka ɗaga bakin daga cikin gam ɗin ba, domin duk ɗagawa ɗaya kumfa ɗaya ce. Idan kumfa ta taso, ka fasa ta da tsinke. Sannan ka sauke transdusa ta gefe ɗaya tukuna, ka kwantar da ita a hankali kana ɗan murzawa har ka ji ta taɓa roba, ka ɗora mata bulo ko wani abu mai nauyi. Jirgin ya tsaya a daidai, a inuwa, aƙalla awa 24, ni kuwa kwana uku nake ba shi.

Wanda ba ya son kashe kuɗin gam yana iya tsayawa a kan kududdufin soson kawai, ya riƙa zuba masa ruwa duk ranar da zai fita, ya cusa transdusa a ciki. Hoton yana fita tas, illa dai ruwan yana zubewa idan jirgi ya karkata, kuma yana ƙafewa da zafin rana. Ya kamata kuma ka san abin da ka sadaukar da ka ɗora ta daga ciki: ma'aunin zafin ruwa zai riƙa karanta zafin cikin jirgi, kuma transdusa mai duban gefe ba ta aiki ta cikin roba ko kaɗan. Irin wannan sai a rataye ta a hannun ƙarfe ta gefen jirgi, ko a cikin ramin fitar da ruwa idan an ƙera jirgin da wannan tanadi.

Batun wuta mai sauƙi ne. Batir mai bolt 12 da alamar 7Ah, irin wanda ake sa wa UPS na kwamfuta, ya ishi ƙaramin allo na inci 4 ko 5 yini guda. Na litiyom ya fi shi rashin nauyi nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa ya ninka. Ka saka shi a akwatin roba mai murfi, ka ɗaure shi kada ya riƙa gungurawa. Jar waya ta tafi kan alamar tarawa, baƙa kan alamar ɗebewa, kuma ka sa fiyus a kan jar, kusa da batir, gwargwadon abin da takardar na'urar ta faɗa, wanda a ƙananan na'urori yawanci amfiya 3 ne. Wayar transdusa za ta yi maka tsawo ƙwarai, domin don manyan jirage aka yi ta. Kada ka yanke ta, ka naɗe ragowar ka ɗaure a ciki. Allon kuwa, ka zauna a kujera ka yi kamar kana tuƙi da filafili kafin ka huda ko'ina, sannan ka ɗaure shi da sukurori marasa tsatsa inda hannu zai kai amma filafili ba zai doke shi ba.

Idan na'urar ta ƙi kamawa, ka fara da fiyus, sannan ka auna batir, wanda idan ya cika yakan nuna bolt 12.6 ko sama da haka kaɗan. Koren tsatsa a bakin fulogi ma yakan hana wuta wucewa, sai a goge a shafa man da masu haɗa wuta ke kare fulogi da shi. Idan lambar zurfi tana ƙyaftawa, na'urar ta rasa ƙasa ke nan, kuma kafin ka zargi komai ka sake gwajin riƙe transdusa ta gefe idan tana ciruwa. Ruwan da bai kai rabin mita ba shi ma yana rikita ta. Idan ka ga kifaye birjik alhali jirgi yana kan tudu, yanayin nuni na kanti ne a kunne, ka kashe shi. Layuka a tsaye da ke cika allo yawanci daga ɗan injin lantarki na tuƙa jirgi ne da ke shan batir ɗaya da ita, sai a raba musu batir. Kifi yakan fito a allon da siffar baka, ganin rabin baka a kai a kai maimakon cikakken baka kuwa yakan nuna transdusa ta karkace.

Ka kashe hotunan kifi da na'urar ke zanawa da kanta, domin ganye da reshe ma kifi take kiransu. A kilohaz 200, wato ma'aunin saurin kaɗawar sautin da transdusa ke aikawa, sautin yana rufe da'irar da faɗinta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ba, wato mita 3 a zurfin mita 9, don haka giwan ruwa na iya wucewa ta gefenka allon bai nuna komai ba. Idan na'urarka tana da kilohaz 83, ka koma kansa lokacin neman kifi domin da'irarsa ta fi faɗi, ka dawo 200 idan kana son ganin ƙasa dalla-dalla.