Kurakuran da ke jawo rauni a gida da kan hanya, da yadda ake gyara su

Babu raunin da ake yi wa gurguwar jinya kamar ƙuna. Da ruwan zafi ya zubo wa yaro, sai a yi maza a shafa masa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko mai. Duk waɗannan suna tsare zafin a cikin fata, su kuma shigar da ƙwayoyin cuta cikin ciwon. A kwarara wa wurin ruwa mai sanyi har minti 20 cur, amma ban da ƙanƙara, domin ita ƙara lalata fatar take yi. A cire zobe ko awarwaro tun wurin bai kumbura ba, kada kuma a fasa bororon da ya taso. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannu, ko a fuska take, sai asibiti. Rigakafinta kuwa da sauƙi: a juya mariƙin tukunya ciki, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Idan mai ya kama da wuta a kasko, kul a zuba ruwa. Ruwan zai nutse ƙarƙashin man, ya zama tururi nan take, ya fantsama wutar har fuska. A kashe murhun, a kifa murfi.

Zuba kananzir ko maganin ƙwari a gorar lemo ganganci ne, yaro ba ya bambancewa. In ya sha, kada a sa shi amai da ƙarfi, kananzir ɗin zai iya shiga huhu. A tafi asibiti tare da gorar. Bokiti mai ruwa ma a rufe shi ko a zubar, don ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe. Janareta da garwashi kuwa ba a barin su a rufaffen ɗaki, gubar da suke fitarwa ba ta da wari.

A kan hanya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna haɗurra na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara. Hular kwanon da ba a ɗaure ba tana iya fita kafin kai ya taɓa ƙasa. A tamke igiyarta ƙarƙashin haɓa har yatsa biyu kawai ke iya shiga. A mota kuwa, bel ya bi ta kafaɗa da ƙashin ƙugu, ba ta kan ciki ko ƙarƙashin hammata ba. Rungume jariri a gaban mota kuma ba kariya ba ce, in aka yi karo babu hannun da zai iya riƙe shi.

Direba mai duba waya ya yi lissafi: a gudun kilomita 60 a awa, mota na cin kusan mita 17 duk daƙiƙa, wato daƙiƙa 3 mita 50 ke nan ido ba ya kan titi. In aka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi.

Wanda haɗari ya rutsa da shi, kada a figo shi ta hannu ko ƙafa sai in akwai wuta. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta har masu agaji su iso.