Babi na Bakwai: Ramin Zinare da Lissafin Abin da Ya Fito

Da yawa daga cikinku a ramin zinare kuke neman abinci, wasu kuma 'ya'yansu ko mazajensu ne ke can. Haƙa kun fi ni iyawa. Abin da za mu koya a nan shi ne yadda za ka san abin da raminka ke bayarwa, ka rubuta shi, kada wani ya karanta maka sikeli yadda ya ga dama. Ku karanta a hankali, da yatsa a kan layi.

Darasi na 1: Dutsen da ake bi

A ƙasar Anka da Maru da Birnin Gwari, zinaren ƙarƙashin ƙasa yana zaune ne a cikin farin dutse mai tauri, wanda ya ratsa sauran duwatsu a tsaye ko a karkace. Wannan layin farin dutse shi ne jijiya. Wani wuri faɗinta bai wuce tafin hannu ba, wani wuri ta kai kamu biyu, sai kuma ta tsuke, ko ta ɓace ta sake ɓullowa a gaba. Yawancin zinaren da ke cikinta ido ba ya ganinsa, sai an niƙa an wanke.

Ba duk mai ƙyalli ne zinare ba. Akwai wani ƙarfe mai ruwan ɗorawa da ke yawan zama a farin dutse. Ka ɗora shi a kan dutse ka buga da guduma. In ya farfashe ya zama gari mai duhu, ba zinare ba ne. Zinare laushi gare shi, in an buge shi bajewa yake yi. Akwai kuma wani mai launin toka, mai nauyi, mai sheƙi. Wannan dutsen dalma ne. Ku riƙe sunansa, za mu dawo kansa.

Darasi na 2: Cikin rami

Ana nutsa rami a bi jijiya ƙasa, da guduma da cizal da diga, a cika bokiti ko buhu, na sama su ja da igiya. In an yi nisa sai a karya gefe, a bi ta a kwance. A nan ne hatsari yake. Duk inda ka kwashe dutse ka bar rufi babu abin da ya riƙe shi, zai sauko. A tokare da itace mai kauri, kuma a riƙa barin ginshiƙan dutse ba a taɓa su ba, ko da kana ganin zinare a jikinsu. Na san da wuya. Amma a watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Janareta da injin jan ruwa a waje suke zama, nesa da bakin rami. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsu ba ta da wari, mutum sai dai ya ji kai na sara masa, jiki ya mutu, ya zube. Da damina ƙasa na jiƙa ta yi nauyi, saboda haka bayan ruwan sama a duba tokara kafin kowa ya sauka. Kuma kada a taɓa barin bakin rami babu mutum alhali akwai wani a ciki.

Darasi na 3: Sikeli da ɗigo

Yauwa. Nan ne za mu daɗe, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Ana auna zinare da giram. A fuskar ƙaramin sikelin da dillalai ke amfani da shi, lamba na fitowa da ɗan ɗigo a tsakiya. Abin da ke hagun ɗigo cikakken giram ne. Abin da ke damansa guntun giram ne. Ɗaga hannunka na hagu. Wannan gefen cikakke. Ɗaga na dama. Wannan gefen guntu.

Ka tuna da naira da kwabo. Kwabo 100 ne naira ɗaya. Haka guntaye 100 ne giram ɗaya. Yanzu dubi waɗannan uku:

5.00
0.50
0.05

Na farko giram biyar cif. Na biyu rabin giram, wato guntu 50. Na uku guntu 5 kacal. Duka ukun suna da biyar a cikinsu, kuma abin da ke ruɗa mutane ke nan. Ido ya hango biyar, baki ya ce "biyar", an wuce wurin. A'a. Nemo ɗigo tukuna. Sa yatsanka a kansa. Karanta hagu. Sannan karanta dama, lamba ɗaya bayan ɗaya, har da sifili. Faɗi da ƙarfi: sifili, ɗigo, biyar, sifili. Sake na ƙasan: sifili, ɗigo, sifili, biyar. Kun ji bambancin? A 0.50 biyar tana manne da ɗigo. A 0.05 sifili ya shiga tsakaninsu. Duk lokacin da sifili ya shiga tsakanin ɗigo da lamba, abin ya ragu sau goma.

Mu sa kuɗi a kai don ku ji nauyin maganar. A ce giram ɗaya naira 100,000 ne. Misali ne kawai don sauƙin lissafi, farashin gaskiya kullum canzawa yake. 0.50 zai ba ka naira 50,000. 0.05 zai ba ka naira 5,000. In zinarenka 0.50 ne aka biya ka kuɗin 0.05, ka bar naira 45,000 a kan teburin dillali saboda sifili guda.

Kada kowa ya ji kunya. Na ga dattijo mai furfura, wanda ya iya lissafin buhunan gero ɗari da ka, ya tsaya a kan wannan ɗigon yana share gumi, fensir na rawa a hannunsa. Daga baya shi ne ya riƙa gyara wa matasa. Baba, in kai ma haka kake ji, ci gaba, za ta zauna.

Sake gwadawa. 1.20: yatsa a kan ɗigo. Hagu, giram ɗaya. Dama, guntu 20. Yanzu 1.02: yatsa a kan ɗigo. Hagu, giram ɗaya. Dama, sifili sannan biyu, guntu 2. Wanne ya fi? 1.20. Wani sikelin lamba ɗaya kawai yake nunawa bayan ɗigo, kamar 0.5. Ƙara masa sifili a ƙarshe cikin zuciyarka, ya zama 0.50. A ƙarshe na ce, ba kusa da ɗigo ba. Kuma kafin a ɗora zinare, dubi sikelin ka tabbatar yana nuna 0.00. In an ɗora takarda ko ɗan murfi, a mayar da shi sifili tukuna.

Yanzu amfanin rami. Buhu mai kilo 50, guda 20, shi ne tan ɗaya. Ka niƙa buhu 4 ka samu 1.60. Raba gida huɗu, kowane buhu 0.40. Sau 20, giram 8 ke nan a tan. Da a ce kowane buhu 0.04 ya ba ka, tan guda bai kai giram ɗaya ba, kuma ramin cin kuɗinka yake yi. Ga ɗigo ya sake dawowa. Nemo shi tukuna.

Ka rubuta a littafi kowace rana: kwanan wata, buhu nawa, giram nawa, sannan kuɗin niƙa da mai da abinci da dako. A cire waɗannan kafin a yi rabo da mai rami da mai ɗaukar nauyi. Kada ka yanke hukunci da buhu ɗaya, domin jijiya ba ta ba da zinare daidai wa daida. Yau ta cika, gobe wayam.

Wasunku kuma, na lura, sai sun dawo daga wurin dillali suke rubutawa, abin da ya faɗa musu suke kwafa. To me ya kawo ku aji? Da idonku za ku karanta, a gabansa, kafin a sauke zinaren.

Darasi na 4: Niƙa da wanki

Ana farfasa dutse, a niƙa, a zuba da ruwa a kan katako mai kafet, sannan a tace a kwano. Zinare ya fi farin dutse nauyi kusan sau bakwai, shi ya sa yake kwantawa a ƙasa.

Mun dawo kan dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka mutu da gubar dalma, saboda ana niƙa dutse a cikin gida ƙura na bin ƙasa da abinci. A 2015 aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duk da haka har yanzu akwai mai shigo da buhun dutse tsakar gida, ya ba maiɗakinsa ta daka a turmin da ake daka hatsi. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? A niƙa a wajen gari, a jiƙa dutsen da ruwa, a yi wanka a canza tufa kafin a shiga gida. Busasshiyar ƙurar farin dutse kuma tana lalata huhu, tana buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Darasi na 5: Zaiba

Zaiba ƙarfe ce mai kama da ruwan azurfa, da ake sa wa a abin da aka tace don ta kama zinare su dunƙule. Curin da zaiba ta kama, kusan rabinsa zaiba ce. Sai an ƙona ake auna zinare. Hayaƙin guba ne. Kada a ƙona a ɗaki ko a madafa, ko kusa da yara da mai juna biyu.

Darasi na 6: Aikin gida

Jera waɗannan daga ƙarami zuwa babba: 0.30, 3.00, 0.03, 1.30.

Buhu 5 sun ba da 1.50. Nawa ne a buhu ɗaya, nawa a tan? Ku zo da littafanku.