Darasi na 8: Kare ɗaki daga laimar ƙasa idan wurin daɓe bai da zurfi

A unguwanninmu na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, yawancin ɗakuna kankare ne a ƙasa. Da damina ta kankama, daga Afrilu zuwa Yuli, in ka ɗaga tabarma sai ka ga ƙarƙashinta ya yi baƙi, katifa kuma tana warin funfuna. Kankare yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan laima take hawowa. Yara da tsofaffi da ke kwana a ƙasa su suka fi shan wahala.

Cikakken aiki hawa uku ne. Leda mai kauri a ƙasa, ita ke tare laima. Sai soso mai tauri na gini, wanda ake sayarwa falle-falle, shi ke tare sanyi. Tarkacen soson da ake cirowa daga kwalin talabijin ba ya wannan aiki. A sama kuma sai daɓen siminti da yashi.

Kafin ka sayi komai, ɗauki tef ka auna daga kankare zuwa gindin ƙofa. Awon nan shi zai faɗa maka abin da zai yiwu. In ɗakin haya ne, nemi yardar mai gida tukuna.

Daɓen da aka zuba a kan soso yana bukatar kaurin santimita 6 da rabi. Soso kuma ko siriri ne zai ci 2 da rabi. Ka ga an tashi 9 ke nan. To, idan abin da kake da shi 6 ne fa? A nan ne mutane suke asarar kuɗinsu. Birkila zai ce: "Alhaji, bari mu rage daɓen, soson ya shiga." Kada ka yarda. Soso yana lotsawa kaɗan in an taka, siririn daɓe kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Ƙafar gado kaɗai ta isa ta fasa shi.

Shawarata ita ce ka haƙura da soson, ka riƙe ledar. Garinmu ba na tsananin sanyi ba ne, laima ce babbar damuwarmu. Daɓe a kan leda zalla santimita 5 ya ishe shi. Idan ledar ba ta samu ba, a shafa wa kankaren ruwan kwalta na gini sau biyu, a watsa yashi a kan shafi na biyu kafin ya bushe, sannan a zuba daɓe.

Wajen shimfiɗa leda a share kankare tas, domin tsakuwa ɗaya tana huda ta. Inda falle biyu suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya da santimita 15, a liƙe da salatif. Bakin ledar ya hau bango har ya wuce saman daɓe, daga baya a yanke abin da ya yi saura.

Kwaɓi: buhun siminti mai kilo 50 guda ɗaya, wato kwanon gini biyu, da yashi kwano 6 zuwa 8. Kada ruwa ya yi yawa. Ka dunƙula a hannu, ya kama jikinsa amma kada ya ɗiga.

Bayan zubawa a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Bushewar ciki kuwa tana tafiya kusan milimita 1 a rana, saboda haka daɓe mai santimita 5 zai kai wajen kwana 50. Kada a yi gaggawar shimfiɗa kafet ɗin roba, zai kulle laima a ciki.

Aikin gida: Auna ɗakinka daga ƙasa zuwa gindin ƙofa, ka rubuta adadin a littafinka. Idan ka samu santimita 7, wace hanya za ka bi? Rubuta amsarka da dalili, mu duba tare a aji.