Hutun hunturu a Landan da iyali: abin da za a shirya tun daga gida

Da an rufe makarantu a Disamba, iyalai daga Kano, Kaduna da Abuja kan nufo Landan, kuma kowace shekara kurakuran nan ne dai ake maimaitawa. Mutanenmu na nan ba su da ƙyashin taimako. Ko da tsakar dare jirginku ya sauka a Heathrow, za a samu wanda zai taso ya ɗauke ku. Sai dai akwai abin da ko ɗan uwa na jini ba zai iya gyarawa ba idan an ɓata shi tun daga gida.

Bizar ziyara tana ba da zaman da bai wuce wata 6 ba, kuma ba a aiki da ita. Ana iya nema tun saura wata 3 a tafi, amsa kan ɗauki kamar mako 3, don haka wanda ya bari sai ƙarshen Nuwamba shi ya ja wa kansa. Kowane yaro da tasa takardar neman, har jariri. In uwa ce kaɗai za ta zo da yara, a haɗa da wasiƙar amincewar uba. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne asusun banki. Alhaji zai ranto kuɗi masu yawa ya zuba ana saura mako guda, wai don a ga nauyinsa. Jami'in biza kuwa ba yawan kuɗin ke gabansa ba, so yake ya ga inda suka fito, ko sun yi daidai da albashi ko cinikin da aka rubuta. In kuɗin sayar da fili ne, a nuna takardar cinikin. Kuma kada a bar wa dillalin biza fom ya cike abin da ya ga dama, domin takardar bogi guda kan jawo haramcin shiga ƙasar har shekara 10, kuma bizar ziyara in an hana, babu ɗaukaka ƙara.

A bar kilishi da dambun nama da man shanu a gida. An hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, kwastam za su ƙwace. Kuɗin hannu in sun kai fam 10,000 dole a bayyana su. Magani mai ƙarfi irin tramadol sai da takardar likita.

Masauki shi ne inda hutun yawancin iyalai ke lalacewa. Ɗalibin da ya ce "ku zo kawai, Yaya" ɗaki guda gare shi, kuma yarjejeniyar hayarsa galibi ta ƙayyade masu kwana. Ku sauke masa mutum shida, ku tafi ku bar shi da mai gida. Otal ma ba ya yarda a cusa iyali duka a ɗakin mutum biyu, saboda dokar gobara. Gidan haya na 'yan kwanaki ya fi dacewa, amma a biya ta cikin manhajar da aka ga gidan. Duk wanda ya ce a koma WhatsApp a tura masa kuɗi kai tsaye don a samu ragi, a ɗauka ɗan damfara ne. Kafin a biya, a tambaya: hawa na nawa ne, akwai lif, kuɗin ɗumama gida yana ciki ko mita ce ta kati? Ranar shiga a ɗauki hoton kowane ɗaki, da duk tabon da ke kan kafet, domin da shi za a kare kuɗin ajiya ranar fita.

Sai zaman cikin gidan. Banɗakunan nan yawanci ba su da magudanar ruwa a ƙasa, kuma ƙarƙashin daɓen katako ne. In aka yi wanka da bokiti ko alwala da buta a tsakar banɗaki, ruwan zai tsiyaya ta silin maƙwabcin ƙasa, ku wayi gari da takardar biyan gyara. A shiga cikin bahon wanka a yi komai a ciki. Hajiya, turaren wuta na tayar da ƙararrawar hayaƙi, a wasu gine-ginen har a fito da kowa waje cikin sanyi. Kasko da garwashi kuwa kada ma a fara: a ɗakin da aka rufe ruf, iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Kada a toshe ko'ina a shanya wanki a kan hita, damshi zai fito da baƙin fumfuna a bango cikin 'yan kwanaki. A riƙa buɗe taga na minti 10 kowace safiya.

Sanyin bai cika kaiwa ga ƙanƙara ba, yawanci maki 3 zuwa 8 ne, amma da yayyafi da iska, ba irin busasshen sanyin hunturun gida ba. Riga mai kama jiki a ciki, suwaita a kai, sannan kwat mai hana ruwa. Yara da hula da safar hannu da takalmi rufaffe. Rana kan fito wajen ƙarfe 8, ta faɗi kafin 4. Azahar, La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin awa 4, don haka a tsara fita kusa da masallaci, kamar babban masallacin Regent's Park ko na Whitechapel. Iyalin da ba sa barin gida sai sha biyu, a duhu za su yi yawonsu.

Bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Kowane babba ya riƙe nasa katin, Oyster (katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa na Landan) ko na banki da ake dangwalawa, kuma ya tsaya a kan kati guda duk yini don kuɗin ya tsaya a iyakar da aka ƙayyade. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa tare da babba, har guda 4. 'Yan 11 zuwa 15, a ce wa ma'aikacin tasha ya sa musu rangwamen baƙi a Oyster, rabin kuɗi na kwana 14. Ranar 25 ga Disamba babu bas, babu jirgin ƙasa, manyan kantuna a rufe, saboda haka a yi cefane tun 23. Doya, manja, attarugu da naman halal duk akwai a Peckham da kasuwar Ridley Road.

Wuraren kallo ba wuya. British Museum da gidan tarihin halittu na South Kensington kyauta ne, amma suna rufewa daga 24 zuwa 26. Fitilun titin Oxford da Regent ba a biyan ko kwabo, sai dai a riƙe waya da kyau, masu fizge a kan keke sun yi yawa. Winter Wonderland, filin wasanni da kasuwar hunturu da ake kafawa a lambun Hyde Park, da wasan wutar sabuwar shekara sai an yanki tikiti tun da wuri.

A yi inshorar lafiya kafin a taso. Sashen gaggawa na asibiti yana duba kowa kyauta, amma da an ba baƙo gado, kuɗin da za a caje shi ya ninka na asali sau ɗaya da rabi, kuma bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba yana iya hana biza ta gaba. In yaro ya tashi da zazzaɓi da dare a kira 111, in abin ya yi tsanani 999, kuma a faɗa wa likita daga Najeriya aka zo don a gwada maleriya.