Yadda ake raba kare da kaska a Tawa

Da damina ta sauka a Tawa, kaska takan yawaita a jikin karnuka, musamman waɗanda ke kwana kusa da garke. A riƙa duba kare kowace yamma, a buɗe cikin kunnuwansa, a shafa wuyansa da tsakanin yatsunsa, domin nan ne kaska ke maƙalewa har ta kumbura kamar ƙwayar wake.

Idan an same ta, a kama ta da matsefata daf da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan a wanke wurin da sabulu. Kada a shafa mata kananzir ko baƙin mai, kuma kada a fasa ta da farce, saboda jininta na iya ɗauke da cutar da ke kama mutum. A jefa ta cikin wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane kan tsabtace karen su manta da makwancinsa, alhali kaskar kare tana zuba dubban ƙwai a tsagar bango da ƙarƙashin tabarma. Dole a share wurin, a toshe tsagogi, a yi feshin da likitan dabbobi ya tsara. Maganin da ke ɗauke da fermetirin, wani sinadarin kashe ƙwari, yana iya kashe kyanwa, don haka a kiyaye.

Karen da ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja ko ya fara haɓo, yana buƙatar likitan dabbobi a ranar. Wanda kaska ta ciza kuma zazzaɓi ya biyo baya, ya tafi asibiti ya faɗi abin da ya cije shi.