Kurakuran da 'yan lab ke yi wajen auna maganaɗisun ƙwayoyin magnetayit

Abin da ya fi damuna shi ne, ɗalibi zai haɗa ƙwayoyin magnetayit (baƙin sinadarin ƙarfe da oksijin mai maganaɗisu) 'yan nanomita 10 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ya busar da su su zama gari, ya dunƙule a na'ura ya auna, sai ya rubuta wai halin ƙwaya ɗaya ya samo. Ina! Kowace ƙwaya ƙaramin maganaɗisu ce, in ka matse su wuri ɗaya ai jan juna suke, kuma ƙarfin filin maganaɗisun da kowace ke yi wa 'yar uwarta in ka ninka tazara sau 2 sai ya ragu sau 8, to kaga a busasshen gari da suke manne da juna abin ba kaɗan ba ne. Shi ya sa ƙololuwar layin ZFC (awon da ake yi bayan an sanyaya samfurin ba tare da filin maganaɗisu ba) ke matsawa zuwa zafi mafi yawa, layin FC (na samfurin da aka sanyaya cikin filin maganaɗisu) kuma ya kwanta a miƙe wajen sanyi. Gyaran: a tsarma su cikin kakin kyandir ko a lulluɓe su da silika, a auna mai kauri da mai tsarmi a gwada. Kakin ma yana hana su juyawa a cikin na'ura.

In kuma ka sa dokar Néel da Arrhenius, wadda ke alaƙanta zafi da lokacin da maganaɗisun ƙwaya ke ɗauka kafin ya juya, ka ga lokacin τ0 (tazarar lokaci tsakanin yunƙurin juyawa ɗaya da na gaba) ya yi ƙasa sosai da 10⁻⁹ ko 10⁻¹⁰ na daƙiƙa, har ya fita hankali, kar ka ɓoye shi dan Allah, ƙwayoyin ne ke gaya maka suna hulɗa. Gwada dokar Vogel da Fulcher, wadda ke sa hulɗar a lissafi.

Sai maganar suna. Magnetayit da ɗan uwansa magemayit kusan hoto ɗaya suke bayarwa a XRD (awon tsarin sinadari da hasken X-ray), kuma iska na juya na farko ya koma na biyu, baƙin garin ya fara komawa ruwan ƙasa. Ka haɗa a ƙarƙashin naitirojin, ka tabbatar da wanne ne a hannunka ta hanyar awon Mössbauer ko na Raman.

Wasu kuma in sun ga iyakar ƙarfin maganaɗisun da suka auna bai kai 92 emu/g (ma'aunin maganaɗisu a kowane giram) na dunƙulallen magnetayit ba sai su tayar da hankali, alhali nauyin man da suka lulluɓe ƙwayoyin da shi ma sun haɗa a lissafi, kuma fatar ƙwayar dama maganaɗisunta a karkace yake. Ƙona samfurin a TGA (na'urar da ke auna nauyi yayin da ake ɗumama abu), cire nauyin man, sannan ka raba awon maganaɗisun da nauyin da ya rage.